Bashin Dodo: Abin Da Labaran Duhu Suke Faɗa Mana Game Da Mulki Da Mugunta

A hutun da ya wuce mun koma gida Shanga, kuma tun a makon farko muka tsinci kanmu a tsakiyar wata rigima. Ƙanenmu, ɗan aji uku a ƙaramar sakandare, yana kwance a kan tabarma bayan sallar isha'i, ya ɗora waya a ƙirji, muryar mai karatu tana fitowa daga cikinta. Labarin wani sarki ne da ya ƙulla alkawari da boka cewa duk shekara zai ba shi budurwa ɗaya daga cikin talakawansa, shi kuma bokan ya tsare masa gadon sarauta. An zo daidai inda dogarai suke jan yarinyar zuwa bakin kogo, sai ga Kawu ya yi sallama. Ya tsaya ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya miƙa hannu.

"Kawo wayar nan. Karatun da kake yi ke nan? Boka da tsafi da jini, a cikin gidan nan?"

"Kawu, ka yi haƙuri, labari ne kawai. Ai a ƙarshe ana kashe sarkin."

"Kafin a kashe shi fa, me ya gama zuba maka a kai?"

Waya ta kwana a aljihun Kawu. Da gari ya waye, kowa ya juyo kanmu, tunda mu ne 'yan jami'a. Yaro yana so mu karɓo masa wayarsa, Kawu kuma yana so mu tsawata masa. Abin da Kawu bai sani ba shi ne, mu da kanmu muka biya kuɗi a shagon masu tura fina-finai a Yelwa aka cika wa yaron waya da waɗannan labarai, don mu ma su muke saurare a ɗakin kwanan ɗalibai. Saboda haka tambayar Kawu ba ta tsaya kan ƙanenmu ba, har da mu ta haɗa. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo ta wannan fili, domin mun san akwai ɗalibai da yawa da aka taɓa ƙwace musu littafi ko waya a kan irin wannan.

Wane irin labari ne wannan?

Almara dai kowa ya san ta: labarin duniyar da ba ta wanzu ba, mai aljanu da dodanni da takubban sihiri. To amma almarar ta kasu. Akwai wadda jaruminta fari ne tas, mugunta kuma baƙi ƙirin, a gwabza, a kashe mugu, a ɗaura aure, kowa ya watse yana murna. Akwai kuma wadda ba ta barin mai karatu ya huta haka. A cikinta mugun yana da dalilin da ya sa ya zama mugu, jarumin ma hannunsa ba a wanke yake ba, mutanen kirki suna mutuwa ba tare da an rama musu ba, nasara kuma idan ta zo sai ta zo da asara. Turawa sun ware wa wannan nau'i suna mai ma'anar almara mai duhu. A kasuwar littattafan Hausa ba a ware shi ba, yana gauraye cikin abin da muke kira littattafan yaƙi da littattafan ban tsoro.

Idan aka tace irin waɗannan labarai, abu biyu ne suke zaune a ƙasan tukunya. Na farko mulki: yadda ake samunsa, abin da ake biya kafin a same shi, da yadda yake sauya mai riƙe da shi. Na biyu mugunta: daga ina take shigowa gari, kuma wa yake buɗe mata ƙofa.

Tatsuniyar da Kaka ta tuna wa Kawu

Wadda ta fara shiga tsakani ita ce Kaka, mahaifiyar Kawu. Tana tsinke zogale ta ɗago kai ta ce, "Kai da kake ɓuya a bayana in na zo kan Dodo, gobe kuma ka dawo ka ce a maimaita, yau kai ne mai ƙwace wa yaro labari?" Aka yi dariya, har shi Kawun ya murmusa. Da dare kuwa ta ba mu tatsuniyar, kamar yadda ta ji ta a bakin tata kakar.

Wata mace ce mai tsohon ciki ta je kogi ɗebo ruwa tare da kishiyoyinta. Suka cika tulunansu, suka ɗora wa juna, suka tafi suka bar ta. Rana ta yi sanyi, ba mai ɗora mata. Sai Dodo ya fito daga ruwa ya ce zai ɗora mata, amma da sharaɗi: abin da ke cikinta, in mace ce ta zama matarsa. Matar ta duba gabas da yamma ba kowa, ta ce ta yarda. Ta haifi 'ya mace, yarinya ta girma, uwa ta yi shiru da zancen. Ranar ɗaurin aure sai ga Dodo a ƙofar gida ya zo karɓar bashinsa. Aka ba shi tuwon biki ya haɗiye. Aka koro masa awaki da shanu ya haɗiye. Ya haɗiye makaɗa da 'yan biki. Duk abin da aka miƙa masa sai ya ce bai ga alkawarinsa ba. Daga ƙarshe amarya ta ɓoye aska a cikin zanenta, ta fita da ƙafarta, ya haɗiye ta, ta tsaga cikinsa ta fito da mutane.

Muna yara, abin da muka riƙe daga wannan tatsuniya shi ne tsoro. Yanzu da muka sake jin ta, sai muka ga wasu abubuwa. Dodo bai fasa gida ya shiga ba, da sunan taimako ya zo, a lokacin da mutane suka ƙi taimakawa. Wadda ta ci bashin ba ita aka zo kamawa ba, 'yar da ba a haifa ba tukuna aka jinginar. Kishiyoyin da suka tafi suka bar mai ciki a bakin kogi, waɗanda su ne mafarin komai, babu wanda ya tuhume su har labarin ya ƙare. Sannan duk abin da aka ba Dodo don a lallashe shi, ƙara masa girman ciki ya yi. Wannan tatsuniya ce da ake ba yara 'yan shekara shida, amma maganar da ke cikinta ta manya ce.

Haka ma labarin asalin Daura. Macijin da ke rijiyar Kusugu, kamar yadda tarihin baka ya zo da shi, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, kuma sunan da ake kiran sa da shi Sarki. Gari guda ya tsara rayuwarsa a kan dokar maciji, har abin ya zama jiki, sai da baƙo ya zo ya ga abin da 'yan gari suka daina gani. Duk wanda ya riƙe ruwan sha ya riƙe gari, kakanninmu sun san haka tun kafin a fara koyar da kimiyyar siyasa a jami'a. Da Bature Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa ya buga su a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, ire-iren waɗannan labarai na Dodo da mayu da azzaluman sarakuna suna cikin abin da ya tattara.

Daga bakin murhu zuwa takarda

A 1933 Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A wannan tsakanin ne kuma aka buga Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Waɗannan su ne littattafan da iyayenmu suke kira na tarbiyya, amma duk wanda ya karanta su da idon basira ya san akwai duhu a ciki.

Mu ɗauki Jiki Magayi. Abubakar yana son Zainabu, sai attajiri Malam Shaihu ya yi amfani da dukiyarsa ya aure ta. An zalunci Abubakar, wannan babu musu, kuma mai karatu yana tare da shi a farko. Sai ya bar gari ya shiga duniya neman asirin ramuwa. Da ya samu, a kan wa ya sauke? A kan yaron da aka haifa a wannan aure, Kyauta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaron ya lalace ya zama ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba. Ka ga bashin Dodo ya dawo a wata riga: manya sun yi rigima, yaro ya biya. Littafin bai ce mai kuɗin yana da gaskiya ba, bai kuma wanke wanda aka zalunta ba bayan shi ma ya zama azzalumi.

A Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, muna yawan tuna labaran ban dariya na aku, mu manta dalilin da ya sa akun yake ba da su. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, Wazirinsa kuma yana haɗa baki da abokan gaba don ya hallaka ɗan sarki, Musa, ya gaje sarauta. Aku yana jan Musa da labari dare bayan dare ne don kada ya fita ya faɗa tarko. Maƙiyin da ya fi haɗari a littafin yana zaune a fada, kusa da sarki, yana cewa ranka ya daɗe.

Ganɗoki kuwa ya fi kusa da mu nan ƙasar Yawuri. Jarumin mayaƙin Kwantagora ne na zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda Turawa suka ci garinsa a 1901, kuma daga yaƙin Turawa labarin ya wuce da shi ƙasashen aljanu. Yaro ɗan Kano zai karanta ya ji daɗin jaruntaka kawai. Mu kuwa da muke zaune da Kambari a Ngaski, mun san hare-haren neman bayi na Kwantagora sun faɗa wa ƙauyukan Kambari. Wanda yake jarumi a shafin littafi, a bakin kakannin maƙwabcinmu wataƙila shi ne dodon. Wannan bai rage wa littafin daraja ba, sai dai ya koya mana tambayar da ta kamata a yi wa kowane labarin yaƙi: wa yake ba da shi, kuma su wa aka bari a kwance bayan dawakai sun wuce?

Daga baya kasuwar littattafan Kano ta buɗe wani babi. Marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun cika kasuwa da littattafan yaƙi masu sadaukai da matsafa da biranen da babu su a taswira. Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya kawo labarin Malikussaif daga tsohuwar hikayar Larabawa, Nazir Adam Salih kuma ya yi suna da littattafai irin su Kibiyar Ajali. Yau da yawa daga cikin ire-iren waɗannan littattafai sun koma murya, ana karanta su a YouTube, ana tura su ta WhatsApp, har yaron da ba ya iya sayen littafi ko karatunsa bai nuna ba yana iya sauraron su yana kiwo ko yana gyaran taru.

A waje ma haka abin yake

J. R. R. Tolkien, malamin jami'a ɗan Ingila wanda ya yi yaƙin duniya na ɗaya a ramukan Faransa a 1916, ya fitar da The Lord of the Rings a 1954 da 1955. Ginshiƙin labarin zobe ne mai ba da iko, wanda duk ya riƙe shi sai ya lalata masa zuciya, ko da niyyar alheri ya ɗauka. Masu hikimar cikin labarin tsoron karɓarsa suke yi, don sun san kansu. Shi kansa jarumin, da ya isa bakin wutar da zai jefa zoben, kasawa ya yi.

George R. R. Martin na Amurka ya fitar da A Game of Thrones a 1996, aka mayar da shi shirin talabijin daga 2011 zuwa 2019. Ya ɗauko wani ɓangare na tunaninsa daga yaƙe-yaƙen gadon sarauta da aka yi a Ingila a ƙarni na 15. Gidajen sarauta suna yanka juna a kan kujera, wata halaka kuma tana tahowa daga arewa wadda ba ruwanta da wanda ya ci. Wannan shiri na manya ne, yana ɗauke da tsiraici da zubar da jinin da bai dace da ɗan sakandare ba, mu faɗi gaskiya.

A ɗakunan kwananmu na jami'a kuma, zanen Japan ne yake tashe. Death Note, wanda ya fara fitowa a 2003, labarin wani haziƙin ɗalibi ne da ya tsinci littafin da duk sunan da ya rubuta a ciki mai sunan zai mutu. Ya fara da masu laifi yana cewa gyaran duniya yake yi. Kafin a je ko'ina ya koma kashe duk wanda yake neman tona shi. Nan gida Afirka, Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, ta rubuta Who Fears Death a 2010, ta gina shi a kan ta'asar da aka yi wa mata a yaƙin Darfur, ya kuma ci babbar kyautar almara ta duniya a 2011. Tun kafin su duka, D. O. Fagunwa ya rubuta labarin mafarauci a dajin aljanu da harshen Yarabanci a 1938.

Gaskiyar Kawu

Duk da wannan dogon jeri, ba za mu ce Kawu ba shi da hujja ba. Da muka zauna da shi a gindin darbejiya washegari, ya ce mana, "Ku 'yan boko kuna ganin kamar tsoron labari nake yi. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, wannan kun karanta a Islamiyya. Yaron da ya kwana yana jin boka yana biya wa mutane buƙata, ran da ya shiga matsala ina kuke zaton zuciyarsa za ta fara zuwa?"

Mun rasa amsar da za mu ba shi nan take, domin mun san akwai labaran da haka suke. Akwai waɗanda ake kwashe sa'o'i ana kwatanta ƙarfin matsafi da kyan fadarsa, sannan a kashe shi a minti biyar na ƙarshe don a fita kunya. Mai sauraro zai tashi da sha'awar matsafin, ba da darasin minti biyar ba. Akwai waɗanda mace ba ta da wani aiki a cikinsu sai a sace ta ko a ba da ita kyauta ga wanda ya ci yaƙi. Akwai waɗanda ake sare kawuna dubu a shafi ɗaya ba tare da an nuna uwa ɗaya tana kuka ba, har kisa ya zama kamar wasan ƙwallo. A intanet kuma, inda ba edita ba mai dubawa, wasu suna cusa batsa tsagwaronta a cikin labarin aljanu don su ja masu karatu.

Wannan damuwa ba a gidanmu ta fara ba. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma an ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Amma ga shi yau labaran sun fi da yawa, sun bar takarda sun shige waya, inda ashana ba ta isa. Abin da ya rage a hannun iyaye da yayye shi ne koya wa yaro yadda zai auna abin da yake ji.

Ranar da labari ya zama gaske

Akwai dalilin da ya sa mu 'yan wannan yanki ba ma ɗaukar maganar mugunta a matsayin wasa. Ranar Alhamis 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka, suka tafi da ɗalibai da malamai. A lokacin muna sakandare, sa'o'inmu ne aka kwashe. An riƙa sako su kashi-kashi, 'yan matan ƙarshe ba su dawo gida ba sai a 2023, bayan kusan shekara biyu. Duk wanda ya yi wannan lokaci a Yawuri ko Ngaski ko Shanga ya san yadda ƙarar babura da yawa take tsinka zuciya.

Wanda ya rayu cikin wannan, labarin da ake cewa mutumin kirki ba ya shan wahala ba zai shige shi ba, don idonsa ya ga akasin haka. Muna ganin wannan yana cikin abin da yake jan mu zuwa labaran duhu. Suna yarda da abin da muka riga muka sani, cewa ana iya zaluntar wanda bai yi laifi ba, kuma ceto yana iya daɗewa. A cikin labari muna iya duban abin tsoro daga nesa, mu juya shi, mu tambayi yadda aka yi ya samu ƙarfi. Tatsuniyar Kaka ta riga ta nuna inda za a duba: wa ya bar mai ciki ita kaɗai a bakin kogi, wa ya ƙulla yarjejeniya, wa yake kai wa Dodo abinci. A zahiri ma mun sha ji a labarai cewa ana kama masu kai wa 'yan bindiga bayanai da mai da abinci, mutanen da suke cin kasuwa ɗaya da waɗanda ake sacewa.

Amma a nan ma akwai rami, kuma Kawu ne ya nuna mana shi. Ku saurari yadda samari suke hira a kan manyan 'yan bindiga a majalisa: wane harsashi ba ya huda shi, wane yana ɓacewa, wane yana da layar da ba a iya kama shi. Mun ɗauki rigar sadaukan littafi mun yafa wa ɓarayin mutane. Wannan almara ce mai yi wa azzalumi aiki kyauta, domin tsoron da take shukawa ya fi bindigarsa isa nesa. Labari mai kyau tuɓe wa mugu wannan riga yake yi, ya nuna shi a matsayin mutum mai kwaɗayi da tsoro, wanda ƙarfinsa ya dogara da masu yi masa hidima.

Labaranmu da ba a rubuta ba

Wani abin da ya dame mu shi ne, kusan duk littattafan yaƙin da muke saurare a biranen Misra da Hindu da Sin ake yin su, sunayen jarumai ma na can ne. Alhali ga kaya a ƙofar gidanmu. An gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, tafkin da ya taru ya haɗiye tsohon garin Bussa da tsibirai da gonaki, aka tayar da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya samo asali, da yawansu sun bar tsibiran kakanninsu sun dawo tudu. Duwatsun ruwan Bussa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya hallaka a 1806 bayan ya wuce Yawuri, yanzu suna ƙarƙashin tafki. An yi alkawarin haske ga ƙasa baki ɗaya, amma har gobe akwai ƙauyukan bakin ruwa da sai an je wurin mai sola ake cajin waya.

Garuruwa a ƙarƙashin ruwa, da kaburbura da kukoki da wuraren da kakanni suke girmamawa: wane marubucin almara ne zai ga wannan ya wuce? Ga Sarkawa masunta da labaransu na dorina da kada da mutanen ruwa. Ga bikin Rigata da ake yi a Yawuri, inda kwalekwale suke tsere a kan kogi. Ga harshen Shanganci, ɗan'uwan Kyanganci da Busanci, wanda yau ƙauyuka kaɗan ne suka rage suna yin sa, yawancin Shangawa sun koma Hausa. Duk tsohuwar da ta rasu a waɗannan ƙauyuka, tana tafiya da tatsuniyoyin da babu su a kowane littafi. Wayar da muke sauraron labarin Misra da ita tana iya naɗar muryar kaka. Mu mun fara, mun naɗi tatsuniyoyi huɗu kafin hutu ya ƙare.

Yadda muka rabu da Kawu

A rana ta uku Kawu ya dawo da wayar, bisa sharaɗin da muka tsara tare. Mun zauna mun goge labarai biyu da mu kanmu muka san ba na ɗan shekara goma sha huɗu ba ne, laifin tura su kuma namu ne, mun amsa shi a gaban Kawu. Sauran kuwa a fili za a riƙa sauraron su, ba a cikin bargo ba, kuma bayan an gama aikin makaranta. Duk labarin da aka gama, yaron zai amsa tambayoyi: me mugun yake so, kuma wa ya taimake shi ya samu? Wa ya biya kuɗin nasarar jarumi? Da labarin ya ƙare, tausayin wa ka ji, kuma wa ka so ka zama? Idan amsar ta ƙarshe ita ce matsafin, to akwai zama.

Muna ba 'yan'uwanmu ɗalibai shawarar su gwada waɗannan tambayoyi a kan abin da suke karantawa ko kallo, su kuma nemi Jiki Magayi da Magana Jari Ce a ɗakin karatun makaranta su sake duba su. Masu ƙanne kuma su tuna cewa abin da ɗan shekara ashirin zai iya tacewa, ɗan shekara goma sha biyu haɗiyewa zai yi.

A daren da za mu koma makaranta an kunna ƙarshen labarin sarkin nan da bokansa a tsakar gida. Kawu yana gefe a kan kujerarsa, wai shi rediyo yake saurare. Da aka zo inda talakawa suka gano cewa Galadiman da yake zaɓo 'yan matan bai taɓa zaɓar 'yar gidan mai kuɗi ba, sai muka ji ya rage muryar rediyon. Can ya ce, "Kai, mayar da shi baya kaɗan, ban ji abin da Galadiman ya ce ba."